Da Hannuna Na Toshe wa Shafina Talla

Shekara tara na yi ina rubuta farashin hatsi a intanet. In aka tambaye ni abin da na tsira da shi, sai in ce tabarau da ciwon baya, a yi dariya a wuce wurin. Ba na son dogon bayani, don in aka ja zancen ba ni ke fita da gaskiya ba.

Ni malamin gona ne, aikin da na sani ke nan tun ina saurayi. Aiki ne na yawo: yau Zango, gobe Sandamu, jibi can Babban Mutum inda waya ke rikicewa ta kamo sabis ɗin Nijar. Duk garin da na kafe babur, kafin a tambaye ni maganin tsutsa ko irin shuka, sai an fara da tambaya ɗaya: nawa ka baro tiyar gero a can? Da na gaji da amsawa da ka, sai na fara rubutawa a wani littafi. Wani abokina da muka yi firamare tare, mai shagon kwamfuta da buga takardu a cikin Daura, ya ga littafin ya ce asara nake yi. Shi ya haɗa mini shafi, ya nuna mini inda zan rubuta da inda zan danna abin ya fita duniya. Ya kuma haɗa shafin da wani kamfanin talla na ƙasar waje, wanda har muka rabu ban taɓa jin muryar ko mutum ɗaya a cikinsa ba. Ni in rubuta, su su liƙa tallansu a tsakanin rubutuna. Duk wanda ya buɗe ya gani, a ɗigo mini wani abu. In ya danna tallan, ɗigon ya fi kauri.

"Kai dai yi ta rubutu," in ji abokin nawa. "Shafin zai ciyar da kansa."

Ya kuwa ciyar. Ban yi gida da shi ba, ban canza babur ba. Amma shafi ma haya yake biya kamar shago, duk shekara sai an biya masu na'urar da yake zaune a kai, in ba haka ba su rufe shi. Tallan yana biyan hayar nan, ya zuba mini man zagaya kasuwanni, wani watan har uwargida ta ga nama a cefane ba ranar Juma'a ba.

Mutanenmu kuwa ba sa karatu yadda kamfanin yake so. Mutum ɗaya ne zai buɗe waya a gindin bishiya, ya karanta da ƙarfi, goma sha biyar suna saurare suna gardama cewa ƙarya ne, wake bai kai haka ba. Kamfani ya ƙirga mutum ɗaya. Na sha yi musu tsiya cewa kowa ya buɗe a tasa mana, sai su ce datar ni zan sa musu? Haka muka yi ta tafiya, suna ƙaryata ni suna kuma jirana duk yammacin kasuwa.

Ban san lokacin da sanarwar rasuwa ta shigo shafin ba. Wani ne dai ya roƙe ni in sa ta mahaifinsa, don 'yan'uwansu da ke ci-rani a Kudu su gani. Daga nan sai ta zama al'ada. A yi mutuwa a Baure da asuba, kafin hantsi an turo mini suna da lokacin jana'iza. Ban taɓa karɓar ko sisi a kai ba, wa zai buɗe baki ya nemi ladan sanarwar mutuwa? Sannu a hankali masu zuwa duba wanda ya rasu suka fi masu zuwa duba kuɗin dawa yawa.

Akwai abin da ban sani ba duk tsawon shekarun nan, kuma rashin saninsa ne ya kayar da ni. Ashe tallan da nake gani ba shi kowa ke gani ba. Ni da kullum nake binciken taki da injin ban-ruwa, taki da injin ban-ruwa ake nuna mini. Sai na ɗauka shafina tsaf yake, har ina alfahari da shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi ne a Sandamu, yana kuma taɓa kiwon tumaki. A gidansa na yi shekarun ƙuruciyata, matarsa da muke kira Inna ita ta yi ta fama da ƙazuwata da ƙiwata. Bokon yaƙi da jahilci ya yi, yana karatu a hankali yana bin layi da yatsa. Da ɗansa ya aiko masa da babbar waya daga Legas, abin da ya fara cewa a sa masa shi ne shafina. Kowace safiya sai ya duba, ko da ba ya da abin sayarwa. In an yi gardamar farashi a majalisa sai ya ce, "Ɗan ƙanwata ya rubuta," kamar an yanke hukunci.

Da Inna ta rasu, ni na rubuta sanarwar da hannuna, a tsaye a ƙofar gidan, ana haɗa ta a ciki. Ban tsaya duba yadda ta fito ba.

Rana ta biyu muna zaman makoki a rumfar ƙofar gida, wani dattijo abokin Kawu da ya zo daga Zango ya ce a shafina ya ji. Kawu ya ce shi ya kasa dubawa, zuciyarsa ba ta ɗauka. Ya zaro wayarsa ya miƙa wa dattijon, ya ce ya karanta masa ya ji abin da na rubuta a kanta. Dattijon ya gyara murya ya fara. Ya karanta salati, ya karanta sunanta da na mahaifinta. Sai ya ja shafin sama, ya dawo da shi ƙasa, sannan ya kife wayar a kan tabarma ya kama jan carbi.

Kawu ya ɗauka ya duba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Ɗan nan, wannan ma kai ka rubuta?"

Tsakanin layin da ke ɗauke da sunan Inna da layin da ke faɗin lokacin jana'izarta, hoton wata mace ne kusan tsirara, tana motsi, ana tallan maganin maza. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Wani ya ce a yi fatiha, aka ɗaga hannuwa. Ni kuwa ina tunanin 'ya'yanta da ke Legas da Fatakwal, waɗanda ta nan suka sami labarin mutuwar uwarsu.

Ana idar da la'asar na hau babur sai Daura. Na faɗa shagon abokina ina ta ɗaga murya a gaban masu jiran a buga musu takardu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba shi ke zaɓen talla ba, ba ni ba ne kuma, na'ura ce. Ya ce tun farko ya hana irin waɗannan, amma masu su kan sake musu suna, su shigo a matsayin maganin gargajiya ko abin motsa jiki. Zai cire talla gaba ɗaya daga shafin sanarwa, wannan mai sauƙi ne. Na ce sauran shafin fa? Gobe Kawu zai duba kuɗin gero. Ya ce akwai wata burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita a waya, wadda ke da makunni a ciki. In an kunna, ba tallan da zai ƙara fitowa, a kowane shafi.

"Amma fa ka sani, malam," ya fara.

"Sa mini," na ce.

Ban bari ya ƙarasa ba, don na san abin da zai faɗa.

Washegari aka yi addu'ar uku, jama'a ta cika har bakin titi. Na fara da wayar Kawu, na sa masa burauzar na kunna makunnin, na buɗe masa shafin fes, ba komai sai rubutu. Dattijon Zango ya miƙo tasa. Na kusa da shi ya miƙo. Kafin azahar na koma gefen tabarma ina karɓar wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina tura manhajar daga tawa zuwa tasu, tunda wannan ba ya cin data. Layi aka yi mini kamar ranar allurar shanu. Kowa ya karɓi tasa sai ya ce Allah ya yi albarka, ni kuwa ina jin kamar ina wanke wani abu daga jikina.

Shekara ashirin ina roƙon mutanen nan su karɓi irin gero mai saurin nuna. Na yi gonar gwaji, na raba kyauta, na yi magana har muryata ta dishe, har yau rabinsu na kan irin kakanninsu. Amma burauzar nan damina ɗaya ta gama ƙasar Daura. Ba ma don kunya kaɗai ba. Sun ga shafi na buɗewa da wuri ko a inda sabis ke da sanda ɗaya, data na kai musu kwanaki, waya ba ta zafi. Mai ita ya tura wa ƙaninsa, ƙanin ya tura wa abokan kasuwa. Wata rana a Babban Mutum wani mai sayar da buhuna ya ja ni gefe ya ce zai sa mini wani abu mai amfani a waya, kyauta. Na ce na gode, ina da shi.

In na ce ban san abin da nake yi wa kaina ba, na yi ƙarya. Na dai yaudari kaina cewa dattawan Sandamu ne kawai, duniya kuwa da faɗi. Na manta cewa duniyar shafina ba ta wuce mutanen nan ba. Wa ke zaune a Turai yana son sanin kuɗin gyaɗa a Zango?

Bayan kaka abokina ya juyo mini fuskar kwamfutarsa ya nuna mini layi biyu. "Ka ga wannan mai hawa? Mutanenka ne, sun fi da yawa. Wannan mai gangara kuma tuwonka ne." Ya yi dariya, ni ma na taya shi, don ba abin da ya rage a yi.

Na gwada abin da zan iya. Na je wurin wani dilan taki a cikin gari na ce in sa hoton shagonsa da hannuna, irin wanda makunnin ba ya gani. Ya ji daɗi ƙwarai, ya turo hotuna har huɗu. Da wata ya ƙare na je gaishe shi, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya ce ai ni nasu ne, Allah ya bar zumunci. Na rubuta roƙo a saman shafin cewa duk mai iko ya kashe makunnin saboda ni. Ba wanda ya kashe. Ba mugunta ba ce, yawancinsu ba su ma san inda yake ba, tunda ni ko wani ne ya kunna musu. Mai ya yi ta tsada, na fara tsallake wasu kasuwannin ina buga waya a faɗa mini farashi, wanda ake faɗa mini kuma ba kullum yake daidai ba. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Uwargida ta ce, "Malam, da can shafin ke ba ka, yanzu kai ke ba shi. Ko ɗan riƙo ne ba ka gaya mini ba?"

Abokina ne ya kawo shawarar a sa ƙofa. Shafin zai gane wayar da ta toshe talla, ya ƙi buɗe mata farashi sai ta kashe makunnin. Ya ce manyan shafuka ma haka suke yi. Wata biyu ina ƙi. Da lokacin biyan haya ya matso, na ce ya sa, amma ya bar sanarwar rasuwa a buɗe ga kowa. Ni na rubuta abin da ƙofar za ta ce: "Shafin nan da talla yake ci. Ka kashe abin toshe talla kafin ka karanta."

Kwana biyu wayata ba ta huta ba. Wasu su ce shafin ya lalace, wasu su ce na yi kuɗi na fara wulaƙanci. Wani ya ce, "Kai ka ce mu sa, kai ka ce mu cire, malam wanne za mu kama?" Sai in ce sabis ba kyau.

Rana ta biyar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana. Kawu ne, da sandarsa da ƙurar motar haya a babbar rigarsa. Tun rasuwar Inna bai taka Daura ba. Na yi na yi ya shiga ciki, ya ce zaure ya ishe shi. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa. Sannan ya laluba aljihu ya ajiye wayar a gabana.

"Ashe da shi kake ci," ya ce.

"Wa ya gaya maka, Kawu?"

"Shafin da bakinsa. Sau uku na karanta, don kar in yi maka gurguwar fahimta. Ranar nan da ka zauna kana ta karɓar wayoyin mutane, ashe abincinka kake toshewa, ba ka ce komai ba."

"Ba wani abin kirki ba ne, Kawu. Kuɗin mai ne."

"Kai ka sa mani, kai za ka cire mani. Da na iya, da ban taso ba."

Na ce ya bari, zan riƙa kiransa ina faɗa masa farashin da baki. Ya ce shi ba sadaka ya zo nema ba. Ya ce ya yi tunani a mota, ya sami dabara: in abin ya fito sai ya rufe shi da yatsa ya karanta nasa. Ai ido ba ya ganin abin da aka rufe. Ya faɗa yana jin daɗin dabarar tasa, har da ɗan murmushi.

Ya kamata in musa. Ban musa ba. Na ɗauki wayar na kashe makunnin, na buɗe masa farashin ranar na miƙa masa. Ya nisanta ta da fuskarsa yadda ya saba, ya fara bin layi: gero, dawa. A ƙarƙashin dawa tallan ya buɗe, na caca ne, wata yarinya riƙe da damin kuɗi tana rawa. Kawu ya ce a'uzubillahi a hankali, ya ɗora babban yatsansa a kai kamar yadda ya tsara.

Waya ba ta san rufewa ba, taɓawa ta sani. Nan take farashin ya ɓace, yarinyar ta cika fuskar wayar, kiɗa da muryar mace suka cika zauren. Kawu ya firgita, ya yi ta dannawa don ya kashe, kowace dannawa na buɗe wani. Uwargida da ta taho da kwanon fura ta tsaya a bayan ƙofa, na ji ta juya. Na karɓe wayar na kashe.

Abin da ya fara zuwa mini a zuciya a lokacin ba tausayinsa ba ne. Tunani ne cewa dannawar nan da ya yi ta fi karatun majalisa guda kawo mini kuɗi. Ya zo da kansa, ban kira shi ba, kuma har yau ina jin ƙyamar kaina in na tuna.

Kawu yana kallon hannunsa. "Yi haƙuri, ɗan nan, hannun ne ya tsufa," ya ce. "Koya mani yadda zan rufe ba tare da na taɓa ba."

Na sunkuyar da kai kan wayar na daɗe, kamar ina wani babban gyara. Makunnin na mayar. Na kira abokina daga waje na ce ya cire ƙofar yanzu, ga kowa, ya ce na tabbata? Na ce ya cire. Na dawo na buɗe wa Kawu shafin, rubutu zalla.

"Na gyara," na ce. "Yanzu ko ba ka gani ba, ina samu."

"Ana iya haka?"

"Ana iyawa."

"To ai da tun farko haka ka yi." Ya karanta kuɗin wake har ƙarshe, ya ce ya yi tsada, ya sha furarsa. Na kai shi tasha a babur, ya riƙe ni gam a baya yana yi mini faɗan gudu.

Shafin ya yi wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka. Na ci gaba da rubutu har ranar ƙarshe, kasuwa biyu a mako maimakon biyar. Masu hayar suka turo gargaɗi na farko da na biyu, na karanta na ajiye. Abokina ya kwashe mini rubutun shekara tara a wani ɗan abin ajiya da bai kai ɗan yatsa ba, yana nan a aljihun tsohuwar jakata.

Ranar da aka rufe ina wata gona a bayan Zango, ina duba wake da tsutsa ta kama. Wayata ta yi ƙara, na ga Kawu ne. Na bari ta katse. Ta sake yi, na ɗauka.

"Ɗan nan, shafin ya ƙi buɗewa tun safe," ya ce. "Ko na sake taɓa wani abu ne?"

"A'a, Kawu," na ce. "Ba kai ba ne."